Kada a sake sauke injin 911 ɗin nan tukuna

Wani bawan Allah daga Kurna ya aiko mini da tambaya kamar haka: "Baba, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Marsandi 911 mai bodin katako, wadda ya yi shekaru yana dakon hatsi da ita daga Dawanau. Shekararta tara a ajiye a fili. Na ƙudiri aniyar tayar da ita. An sauke inji, an kai karanshaf garandin, an sa sababbin fistin da ring da metal da gasket. To ga halin da ake ciki: da safe ba ta tashi sai an sha wuya, tana farin hayaƙi, in an yi tafiyar minti ashirin sai ta ɗau zafi, allurar baƙin mai ta faɗi, kuma tiyon numfashin inji yana huci. Mako uku ke nan kullum muna barin ta a silo awa biyu zuwa uku don inji ya saki. Bakanikena ya ce a sake saukewa, wani kuma ya ce in haƙura in sayi inji ɗan Beljiyam. Me ka gani?"

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka kyauta da ba ka bari 'yan gwangwan sun yanka motar nan a kilo ba. Na fi shekara talatin ina kwance irin wannan injin ina ɗaurawa, kuma har gobe ban ga injin gas mai haƙurinsa ba.

Amsata a taƙaice, ɗana: kada a sake sauke shi, kada kuma ka sayi wani, sai an yi awo. A cikin abu biyar da ka lissafa, ɗaya ne kawai yake hana ni barci, shi ne allurar baƙin mai. Sauran huɗun galibi ba a cikin inji suke ba, suna jikin abubuwan da suka kewaye shi, waɗanda ba wanda ya taɓa su tun da aka ajiye motar. An gyara inji, amma tanki na da ne, injekta ta da ce, lagireto na da ne, geji na da ne. In aka sake kwance inji alhali cutar tana cikin tanki, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma kai za ka biya kuɗin dukan.

Kafin komai, daga yau a daina barin ta a silo, wato inji yana juyawa a hankali mota tana tsaye. Zan dawo kan dalilin.

Mu fara da baƙin mai. Allurar da kake kallo a dashbod ta girmi wasu yaran garejin, ba a yanke hukunci da shaidarta ita kaɗai. A samo gejin hannu mai aiki, a cire abin da ke aika wa allurar saƙo a jikin bulok, a ɗaura gejin a gurbinsa. A tayar da inji ya yi zafi sosai, don mai sanyi yana da kauri, zai nuna maka lamba mai daɗi ko da inji ya lalace. Idan ya yi zafi, a silo kada ya gaza rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi da geji yake nunawa), in an taka totur sosai kuma ya kai biyu da rabi ko ya wuce. In ka samu haka, allurar dashbod ce ta tsufa, ka gode wa Allah ka canza ta.

In kuwa gejin hannu ma ya nuna ƙasa, to kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya, ka zaro sandar awon mai ka duba da kanka. Man ya ƙaru a kan yadda aka zuba shi? Ka murza shi tsakanin yatsu, ka shinshina. Ya tsinke, yana warin gas? Ina kyautata zaton haka za ka tarar, saboda farin hayaƙin da ka ambata. Gas ɗin da bai ƙone ba, ba duka yake fita ta salansa ba. Wani yana gangarawa ta bangon silinda, ya wuce ring ɗin da ba su gama zama ba, ya faɗa cikin baƙin mai. Mako uku ana haka, mai ya zama ruwa-ruwa, da ya ji zafi sai ƙarfinsa ya zube. Ƙaramin famfon gas da ke jikin injekta ma, wato babban famfon da ke tura gas zuwa nozul, in robarsa ta mutu yana iya zuba gas cikin mai. Maganin wannan bai wuce juye mai da canza filta ba, sannan a toshe hanyar da gas ɗin yake bi.

Idan aka juye man, kada a zubar da shi a ƙasa. A tare shi a faranti mai tsabta, a kai shi rana. A ciro filta a buɗe ta a duba. Ɗan ƙyalli-ƙyalli kaɗan a sabon inji ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ga ɓarɓashi kamar an kankare kwano, ko mai launin jan ƙarfe, metal ne, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf yake juyawa a cikinsa, yake cinyewa, kuma daga nan kada a sake murza mukulli.

Ko an kai nan ɗin ma, ba sai an sauke inji ba. A kwance botom filet a ƙarƙashin mota, a ciro metal ɗaya a karanta lambar da ke bayansa. Abin da ake nema shi ne ko girman metal ya dace da abin da aka yanke a karanshaf. Kanikawa muna cewa 010, 020, 030. Kowane mataki kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, wato 0.25. Ratar da ake so tsakanin metal da karanshaf kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. To ka ƙaddara an yanke karanshaf zuwa 020 aka sa masa metal 010. Hannu zai juya shi sumul, bakanike ya ce inji ya yi laushi, alhali rata ta ninka yadda ake so sau uku ko fiye, mai yana tsiyaya ta nan kamar rariya. Na taɓa karɓar wata 911 da aka sauke injinta sau biyu a wani wuri. Kwalin metal ɗin an rubuta 020, abin da ke ciki 010 ne. Mai motar ya sayar da shanu biyu a kan aikin nan, kuma ranar da na nuna masa lambar ya daɗe a zaune bai ce komai ba. Tun daga lokacin ba na ɗaura metal sai na auna shi da maikuromita, ko daga hannun wa ya fito.

Tunda botom filet a buɗe yake, a duba famfon mai da rariyarsa da ɗan bawul ɗin da ke sassauta ƙarfin mai, don tsakuwa ɗaya in ta maƙale shi a buɗe ta isa. Ka kuma tambayi bakanikenka abu biyu: an canza bushin ɗin kamshaf? An wanke hanyoyin mai na cikin karanshaf da burushi bayan an dawo da shi daga garandin? Waɗannan biyun su ake yawan tsallakewa, don ido ba ya ganinsu.

Yanzu farin hayaƙi da ƙin tashi. Farin hayaƙi iri biyu ne. In tururi ne, yana ɓacewa nan da nan, yana jiƙa tafin hannu, kuma ruwan lagireto yana raguwa. In gas ne da bai ƙone ba, yana tsayawa a iska, yana yaji a ido, yana kama maƙogwaro. Naka, yadda ka kwatanta shi tare da wahalar tashi, na biyun nake zargi.

Injin da ke cikin yawancin 911 shi ne OM352, silinda shida a jere, lita 5.7, wanda Marsandi ta fito da shi a 1964. Gas yake fesawa kai tsaye a kan fistin, ba shi da fulogi. Abin da ke kunna masa wuta zafin iskar da fistin ya matse ne. Saboda haka abu uku yake bukata: ya juya da sauri, ya matse iska sosai, gas ya shigo a gari kamar hazo a daidai lokacinsa. In ɗaya ya kauce, farin hayaƙi ne.

Saurin juyawa ba ya bukatar dogon bayani. Sabon inji a matse yake, yana son batir mai rai da wayoyi masu kauri. A kankare inda wayar at, wato wayar batir ta nagetif, take kama jikin inji, musamman in an yi wa bulok fenti. Roƙona ɗaya: kada a riƙa zuba fetur a hancin inji ko a cika shi da feshin tayar da mota. Bugun da yake yi a lokacin yana karya sababbin ring.

Gas shi ne inda zan daɗe. Tankin da ya yi damina tara a fili ya tara ruwa da tsatsa da laka. Gwajin ba shi da tsada: ka samo jarka mai gas mai tsabta da farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, a haɗa kai tsaye da ƙaramin famfo, a ware tankin gefe. A wanke ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon, a sa sababbin filta, a buga famfon hannu har kumfa ta daina fita. In da safe ta tashi bugu ɗaya daga jarka, ka san cutar tana tsakanin tanki da famfo: ko bututun ya tsage yana shan iska, ko an mayar da tsofaffin washan jan ƙarfe, ko bawul ɗin da ke mayar da rarar gas ya saki, gas yana komawa tanki cikin dare. Tankin a sauke shi a wanke, babu wata dabara.

A tambayarka ba ka ambaci nozul da injekta ba, kuma shirun nan ya gaya mini ba a kai su awo ba. Nozul shida a ciro su a kai wa mai injekta, ka tsaya a kansa ka gani da idonka. Nozul ɗin wannan inji yana buɗewa ne a wajen bar 200, da ƙara kamar ana yaga ƙyalle, ya fesa hazo, ya yanke tsaf ba ɗigo. Wanda yake tsartuwa ko ɗiga, shi ne mai wanke bangon silinda. Kada kowa ya tara hannu a gaban feshin nan, yana huda fata ya shiga nama. Ita ma injektar a ɗora ta a benci a daidaita abin da kowane fulanja yake bayarwa, don shekara tara a tsaye suna tsatsa su cije. Kafin a ciro su ma akwai gwajin da za ka yi a tsaye: inji yana silo, a sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka sassauta murya ba ta canza ba, dama can ba ta aiki.

Sai taimin. Nan ne aka fi yin kuskure bayan an ɗaura inji, don da yawa ido da kunne suke sa injekta. In gas yana shigowa a makare, za ka ga farin hayaƙi, wahalar tashi, rashin ƙarfi, da zafi. Ka lura, uku daga cikin koke-kokenka ke nan a wuri guda. In ya yi sammako kuma, inji yana ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe. Yadda ake yi na gaskiya: a kawo silinda ta ɗaya, ta wajen fanka, kan matsewa, wato lokacin da bawul biyu na silinda ta shida suke musaya, ɗaya yana rufuwa ɗaya yana buɗewa. A cire ɗan bawul ɗin da ke bakin injekta na lamba ɗaya, a ɗaura lanƙwasasshen bututu, a riƙa buga famfon hannu ana juya inji a hankali ta hanyar da yake juyawa. Daidai inda zubar gas ta koma ɗigo, nan ne farkon feshi, kuma dole ya haɗu da alamar FB, wato alamar farkon feshi da aka yi a jikin inji. Yawan digirin ya bambanta daga samfur zuwa samfur, don haka a bi abin da ke rubuce a farantin injinka, kada a ari na motar maƙwabci.

Bawul a sake daidaita su inji yana sanyi: na shiga 0.20, na fita 0.30 na milimita, in ba inji mai tabo (turbo) ba ne. Jerin wutarsa 1-5-3-6-2-4. Idan ta shida tana musaya a daidaita ta ɗaya, ta biyu a daidaita ta biyar, ta huɗu a daidaita ta uku, sannan a juya lissafin. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufuwa, iska ta gudu, kuma ba a jima ba zai ƙone.

Zafi kuma, kafin a zargi gasket a zargi lagireto. Ruwan rijiya da na burtsatse da aka yi shekaru ana zuba masa ya bar farar ƙasa a cikin bututunsa, zaman shekara tara ya busar da ita ta zama dutse. In inji ya yi zafi a kashe shi, a shafa fuskar lagireto da hannu. Inda ka ji sanyi a tsakiya, ruwa ba ya bi. Wanke shi da tiyo ba ya fitar da wannan. Sai mai lagireto ya fasa kansa ya tsokace bututun ɗaya-ɗaya, ko a canza saƙar baki ɗaya. A duba fanbel, da murfin lagireto, da tiyon ƙasa ko yana shaƙewa in an ba da wuta, da fuka-fukan famfon ruwa ko tsatsa ta cinye su, da fanka ko an ɗaura ta a juye.

Na san za a ce maka a cire tamostat, wai Kano ba Jamus ba ce. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Injin gas yana son ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In babu tamostat, da safiyar hunturu ba zai kai nan ba, ya yi ta hayaƙi yana cin kansa. A zafin Afrilu kuma, ruwa yana iya bin gajeriyar hanya ya koma inji bai ratsa lagireto ba. A jefa shi a tukunyar ruwan zafi a ga ko yana buɗewa, in ya mutu a sa sabo.

Akwai abu biyu da ba a tunawa da su a motar da ta daɗe a ajiye. Zanzaro yana gini a cikin salansa da bututun iska, ɓeraye suna sheƙa a tukunyar iska, inji ya shaƙe ya yi zafi. Birki kuma yana cijewa. Bayan gajeriyar tafiya ka kai hannu kusa da kowane duram; wanda ya yi zafi fiye da 'yan'uwansa yana jan mota baya, injin yana ta fama kamar yana hawan dutse da lodi.

Gasket ana gane shi ne haka: inji yana sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa, a tayar. In kumfa tana ta tasowa ba yankewa, tiyon sama kuma ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, iskar silinda ce take shiga ruwa. Kada a buɗe murfin nan inji yana zafi. Ka tambaya ko an ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan tof silinda an ga bai lanƙwashe ba, kuma da sifana mai awo aka ɗaure kusoshinsa, daga tsakiya zuwa gefe, ko da dogon bututu da ƙarfin yaro.

To, maganar silo. Wannan al'ada ta barin sabon inji yana gurnani a tsaye don wai ya saki, ita ce ta fi ɓata mini rai a sana'armu, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta, kuma ɓarna take yi. Sabon ring ba ya zama sai ya goga da bangon silinda, kuma abin da ke danna shi a bangon ƙarfin wutar da ke bayansa ne. A silo wutar ba ta da ƙarfi, zafi bai kai ba, sai gas da mai su daskare a bangon su zama santsi kamar gilashi. Daga nan ring sai dai ya yi ta sulɓi. Hucin da kake gani a tiyon numfashi ke nan. Mako uku ya yi yawa, amma sau da dama inji yana farfaɗowa in aka ba shi aiki.

Bayan an tabbatar da baƙin mai, an gyara gas da taimin da lagireto, a sa sabon mai na injin gas, a ɗora mata rabin lodi, a fita hanya mai sarari irin ta Wudil ko ta Bichi, ba cunkoson Kurna ba. Rabin lodi na nufin rabin abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Lambar 9 da ke sunanta tan tara ce, nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, ba irin lodin da ake yi mata a bakin kasuwa ba. Direba ya riƙa sauya wuta, ya ja ya sassauta, kada ya danne ta a babbar giya tana kakari, kada kuma ya kai ta ƙarshen totur. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a juye mai, a canza filta, a sake bin kusoshin tof silinda da bawul.

In an yi duk wannan huci bai ragu ba, sai a auna matsi: inji da ɗumi, a cire nozul shida, a sa geji a kowace silinda, a rubuta. Abin da ya gaza bar 20 abin tuhuma ne, haka nan silindar da ta yi wa sauran nisa. A nan ne zan yarda a buɗe. Kuma tambayar da za ta raba gardama ita ce wadda ba ka ba ni amsarta ba: me aka yi wa ramukan silinda? Wannan injin ba irin mai silib na cirewa da hannu ba ne, a jikin bulok aka huda raminsa. In rami ya cinye ya zama kamar ƙwai, sai dai a faɗaɗa shi a sa fistin mai girma, ko a dasa masa silib a wurin masu injin huda, sannan a yi masa zanen da ring zai kama. Sabon fistin a tsohon rami da ba a auna ba, kuɗi ne aka zuba a rijiya. Ring ma yana da sama da ƙasa, kuma ba a jera bakunansu a layi ɗaya.

Injin Beljiyam ba na hana shi, akwai masu kyau a Kofar Ruwa. Amma shi ma tsoho ne da ba ka san cikinsa ba, kuma in ka ɗora shi a kan tanki da lagireton nan, zafi da ƙin tashi za su biyo shi. Naka kuwa ka riga ka san abin da aka sa masa.

Bakanikenka kada ka yi masa faɗa, ka zauna da shi ku bi abubuwan nan tare, kai kana riƙe da takarda da biro. Kafin ku fita gwajin hanya a duba birki sosai, a canza tiyoyinsa, kuma tayoyin da suka yi shekara tara a rana kada a ɗora musu lodi ko da zanensu bai goge ba. Idan kun gama, ka aiko mini da abin da gejin mai ya nuna a silo da kuma a wuta, da lambar bayan metal in an kai ga buɗewa, da abin da mai injekta ya samu a nozul shidan nan.